Aljanun Birnin Kano: Martani ga Mai Cewa Gadon Tsumburbura Ne

Aljanu, a koyarwar Musulunci, halitta ce mai hankali da zaɓi, wadda aka yi ta daga wuta kamar yadda aka yi ɗan Adam daga yumɓu, kuma idon mutum ba ya riskar ta a siffarta ta asali. Sura ta 72 a Alƙur'ani, mai ayoyi 28, da sunansu ake kiran ta. Suratul Hijri da Suratur Rahman sun ambaci abin da aka halicce su da shi, Suratuz Zariyat ta haɗa su da mutane a dalilin halitta, wato bauta, Suratul Ahƙaf kuma ta ba da labarin wasu daga cikinsu da suka saurari karatun Manzon Allah (SAW) suka koma suna yi wa danginsu gargaɗi. Akwai musulminsu, akwai kafirai, kuma Suratul Kahfi ta bayyana cewa Iblis daga cikinsu yake. A kan wannan gwargwado babu jayayya a birnin Kano, ko a zauren Madabo ko a masallacin Izala.

Wani marubuci ya fito da wata maƙala da ke neman rushe wannan gini tun daga tushe. Hujjojinsa uku ne. Ya ce aljanin da Bakano ke tsoro iskar Maguzawa ce da aka naɗa wa rawani, gadon Barbushe da Tsumburbura da malamai suka kasa kawarwa sai suka ba shi sunan Larabci. Ya ce duk wanda aka ce yana da aljanu mai taɓin hankali ne ko mai farfaɗiya. Sannan ya yanke hukunci cewa muddin mutanen birni suna gaskata akwai aljani, ba za su yarda da asibiti ba, don haka maganin abin shi ne a bar aƙidar kanta. Akwai gaskiya a cikin ƙorafinsa, kuma za a zo kanta. Kuskurensa shi ne kuɗin goron da ya yi wa abubuwa huɗu mabambanta: abin da nassi ya tabbatar, abin da malamai suka yi saɓani a kansa, abin da al'ada ta ƙara, da abin da 'yan neman kuɗi suka ƙirƙira.

Harshen Hausa kansa ya isa ya warware hujjar farko. Kalmar "aljani" ararriya ce daga Larabci, ta shigo da "al" ɗinta manne kamar yadda "alƙali" da "alƙalami" suka shigo. Kalmar gida ita ce "iska", tare da irin su "mutanen ɓoye" da "ƙwanƙwamai" da ake sakaya sunan da su. Da a gindin Dala aƙidar ta tsiro, da ba za a same ta a Jakarta da Istanbul da Fas ba, inda babu wanda ya taɓa jin sunan Barbushe. Ta zo ne cikin littattafai. Muwaɗɗar Imam Malik tana ɗauke da hadisin macizan gidajen Madina da ake yi wa gargaɗi kafin a kashe su saboda yiwuwar aljanu ne, kuma Risalar Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, wadda kusan kowane ɗalibin zaure a Kano ke bi ta kanta, ta maimaita wannan hukunci ta kuma halatta ruƙiyya da Littafin Allah. Al-Ƙairawani ya rasu tun kafin shekarar 999 da ake lissafa zuwan Bagauda, sarkin Kano na farko.

Abin da ya faru a Kano haɗuwa ce ta abu biyu, kuma littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19 kuma H. R. Palmer ya fassara a 1908, ya adana labarin haɗuwar dalla-dalla. Ya ce Barbushe yana zaune a kan Dala, kuma wurin Tsumburbura wata itaciya ce mai suna Shamuz da aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai shi. Mutane kan kawo baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru, ya shiga ya fito ya faɗa musu abin da zai auku a shekara. Sarki Tsamiya, wanda ya yi mulki daga 1307 zuwa 1343, shi ya rushe wannan katanga. A zamanin Yaji, 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali da Musulunci, aka gina masallaci a ƙarƙashin itaciyar, masu tsafi suka riƙa zuwa da dare suna ƙazantar da shi. A zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, lokacin da Shehu Maghili ya sauka a birni, aka sare itaciyar tsafin aka gina hasumiya a gurbinta. Wanda ya karanta wannan jeri da idon basira zai ga cewa malamai ba su taɓa ɗaukar Tsumburbura a matsayin abin da za a sauya wa suna a ci gaba da shi ba. Gatari suka sa mata.

Labarin Dirki ya fi kowanne koyar da darasi, kuma mai maƙalar bai ko ambace shi ba, alhali shi ne ya fi kusa da taimaka masa. Tun zamanin Sarki Muhammadu Zaki, 1582 zuwa 1618, fadar Kano ta riƙe wani abu naɗaɗɗe cikin fatu wanda ake yi wa yankan shanu don neman tsari. Sarki Alwali, na ƙarshe kafin jihadi, wanda ya hau a 1781, ya gaji da ba da shanun, ya sa samari suka fasa shi da gatura, sai ga Alƙur'ani a ciki. Wato an ɗauki Littafin da ya haramta yanka ga wanin Allah, an lulluɓe shi an mai da shi abin yi wa yanka. Gaurayen da marubucin ke magana a kai ya faru ke nan, ba mai musu. Sai dai labarin ya nuna akwai abu biyu, Littafi a ciki da fata a waje, kuma ana iya raba su. Shi kuwa mai maƙalar yana kallon fatar yana rantsuwa cewa babu komai a cikinta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi irin wannan rarrabewa a Nurul Albab, inda ya soki masu yanka ga itatuwa da duwatsu da masu da'awar sanin gaibu ta bugun ƙasa, ba tare da ya musanta samuwar aljanu ba. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yaƙi bori a cikin mata ta hanyar 'Yan Taru, ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya yi rubuce-rubuce a kan maganin ciwon ido da na basir. Gida ɗaya ne ya haɗa imani da aljanu da yaƙi da bori da neman magani.

Bori kansa, idan aka duba shi da kyau, shaida ne a kan marubucin. 'Yan bori suna cewa iskoki suna da birninsu, Jangare, mai zauruka goma sha biyu, kamar yadda Fremont Besmer ya tattara daga bakin masu garaya da 'yan borin Kano ya buga a 1983. Sarkin wannan birni sunansa Sulaimanu. A cikin mutanensa akwai Malam Alhaji, tsoho mai carbi da tari, akwai Ɗan Galadima ɗan sarki mai kyauta da caca, akwai Sarkin Rafi da Kuturu da Barhaza da Inna, har da Turawa sojoji da suka shigo sahu bayan zuwan mulkin mallaka. Sunan Sulaimanu daga ƙissar Annabi Sulaimanu aka ɗauko shi, Malam Alhaji ba zai yiwu ba sai bayan an san malami an san Hajji, tsarin sarautar kuma hoton fadar Hausa ne. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, sunan littafinsa na 1946 ma yana magana ne a kan tasirin Musulunci a kan addininsu. Ya tarar sun kasa iskoki gida biyu, farfaru musulmi mazauna gari da babbaƙu arna mazauna daji, rabon da ya yi kama da na musulmin aljanu da kafiransu. Aro dai an yi shi, amma mai maƙalar ya juya wanda ya ara da wanda aka ara a wurinsa.

Ba duk abin da ake faɗa a lungunan birni ne ke da asali a littafi ba, kuma ba duka ne ba shi da shi. Hana yara yawo da magariba yana da hadisi a Bukhari. Hana tsarki da ƙashi saboda abincin aljanu ne yana cikin Muslim. Addu'ar shiga bayi sananniya ce. Amma cewa wata kuka ko wata tsamiya takamaimai gidan wane ne daga cikin iskoki, ko cewa kududdufi kaza yana cin mutum duk shekara sai an ba shi jini, ko labaran da aka daɗe ana ratayawa Kukar Bulukiya, wannan kayan al'ada ne da tatsuniya. Adabi ma ya zuba nasa. Dare Dubu da Ɗaya, da Ganɗoki na Bello Kagara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, biyun ƙarshe da aka buga a 1934, sun cika tunanin 'yan makaranta da aljanu masu fuka-fuki da birane a ƙarƙashin ƙasa, finafinan Hausa kuma suka ɗora daga nan. Musulmin da ya ce bai yarda da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba bai taɓa imaninsa ba.

Hujja ta biyu, ta taɓin hankali da farfaɗiya, ita ce inda marubucin ya ɗauka shi ne farkon wanda ya gano bakin zaren. Malaman Musulunci sun riga shi da ƙarnoni. Samuwar aljanu abu ne da aka haɗu a kai, amma shigarsu jikin mutum mas'ala ce da aka tattauna. Mafi yawan Ahlus Sunna sun tabbatar da ita, suna kafa hujja da aya ta 275 ta Suratul Baƙara, wadda ta kamanta tashin mai cin riba da na wanda Shaiɗan ya shafa, kuma Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, yana cikin waɗanda suka fi ƙarfafa wannan. Al-Jubba'i na Mu'utazila ya musanta ta, Zamakhshari ya ce ayar ta bi salon maganar Larabawa ne, Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya yarda da shafar amma ya ƙi yarda cewa aljani na magana da harshen majinyaci, ya ɗauki wannan dabarar masu tsibbu. A zamanin baya-bayan nan Tafsirin Manar na Muhammad Abduh da Rashid Rida ya kawo yiwuwar cewa ƙwayoyin cuta wani nau'i ne na halittun ɓoye da sunan ya ƙunsa. Ko waɗanda suka tabbatar da shigar ba su ce kowace faɗuwa ita ce ba. Ibn Ƙayyim, ɗalibin Ibn Taimiyya, ya kasa farfaɗiya gida biyu a Zadul Ma'ad, wadda ke zuwa daga miyagun rauhanai da wadda ke zuwa daga lalacewar abin da ke cikin jiki, ya ce ta biyun fagen likitoci ce.

Akwai tazara mai nisa tsakanin cewa abu yana yiwuwa da cewa shi ne ya sami wance 'yar gidan wane. Fiƙihu ya san wannan tazara. An ruwaito cewa Imam Shafi'i ya ce wanda ya yi da'awar yana ganin aljanu a siffarsu, shaidarsa ta faɗi. An kuma ruwaito, a littafin Akamul Marjan na Badaruddin Shibli, wanda Suyuɗi ya taƙaita, cewa mutanen Yaman sun rubuto wa Imam Malik suna tambayar auren aljani, ya nuna ƙinsa saboda kada a ga mace da ciki a tambaye ta ta ce mijinta aljani ne, ɓarna ta yawaita. Malamin da ya yi wannan hange ya yarda akwai aljani, kuma ya san mutum yakan fake da shi. Mazhabarsa ce ake bi a Kano tun zamanin Rumfa.

Abin da ya faru a ƙarshen 1995 ya isa misali. Ɗaruruwan 'yan mata a makarantun sakandaren Kano suka riƙa faɗuwa, suna ihu, wasu suna rawa irin ta finafinan Indiya, aka danganta abin da wata aljana da ake kira Sumbuka. Malaman ruƙiyya suka shiga, 'yan bori suka ba da nasu bayani, likitoci suka ba da nasu. Daga wannan lokaci ruƙiyya ta fito fili a birni, aka riƙa sayar da kaset-kaset na hira da aljanu, shagunan habbatus sauda da man zaitun da turaren hayaƙi suka yawaita. Mai maƙalar zai ce ga abin da imani da aljanu ke haifarwa. To amma a watan Janairun 1962, a wata makarantar kwana ta 'yan mata ta mishan a Kashasha, ƙasar Tanganyika, dariya da kuka suka kama ɗalibai har aka rufe makarantar. A watan Oktoban 1965, a wata makarantar 'yan mata a Blackburn ta Ingila, ɗalibai suka riƙa suma har aka kwashi 85 zuwa asibiti, ba a sami guba ko ƙwayar cuta ba. 'Yan matan Blackburn ba su san Sumbuka ba. Likitoci sun san irin wannan firgici mai yaɗuwa daga mutum zuwa mutum a inda aka tara matasa cikin takura da fargaba, kuma kowace al'umma da sunan da take ba shi. Cire aljani daga zukatan Kanawa ba zai hana ɗalibai faɗuwa ba, sunan faɗuwar kawai zai sauya.

Hujja ta uku ita ce mafi rauni, domin tarihin birnin ya riga ya gwada ta. Cutar da ke shanye ƙafar yara sunanta a Hausa shan-inna, wato Inna, uwar iskoki, ita ce ta sha jinin gaɓar. Babu cutar da aka ɗaura wa iska kamar wannan, tun daga sunanta. Duk da haka, lokacin da Kano ta dakatar da rigakafin a 2003, ba don kare martabar Inna aka yi ba. Zargi ne na cewa an gurɓata maganin da abin hana haihuwa, ga kuma tabon gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996. Da aka samo magani daga Indonesiya aka koma ɗigawa a watan Yulin 2004, sarakuna da malamai suka shiga gaba, Sarki Ado Bayero da kansa ya riƙa ɗiga wa yara a bainar jama'a. An ga mai ɗauke da ƙwayar cutar ta asali na ƙarshe a jihar Kano a 2014, kuma a ranar 25 ga Agusta, 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da nahiyar Afirka ta rabu da ita. Iyayen da suka miƙa 'ya'yansu ba su daina karanta Suratul Jinni ba, har yau kuma shan-inna suke kiran cutar. Abin da ya tsaya tsakaninsu da rigakafi rashin amana ne, da aka gyara shi suka buɗe ƙofa.

Haka abin yake a sauran cututtuka. Iyalin da suka kai mai ciwo wurin malami sau da yawa su ne za a gani washegari a layin Asibitin Murtala, da katin asibiti a hannu ɗaya da gorar rubutu a ɗayan. Idan sun tsaya a wurin malami, a binciki kuɗin magani da nisan asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da ƙarancin likitocin ƙwaƙwalwa, da kuma kunyar a ce gidan wane akwai mahaukaci, wanda ke iya hana 'yan matan gidan samun miji. A ce yarinya tana da iska ya fi sauƙin ɗauka a unguwa fiye da a ce ta taɓu. Wannan matsalar tsangwama ce, kuma ita ya kamata marubucin ya sa a gaba.

Inda ya yi gaskiya kuwa, ya yi ta sosai. Ana dukan marasa lafiya da sunan dukan aljani. Ana shaƙa wa mai asma hayaƙi. Mai ciki takan kama jijjiga a tsaya ana tofi har lokaci ya ƙure, alhali hawan jini ne kuma akwai allurarsa a asibiti. Macen da ta daɗe ba aure, ko ba haihuwa, akan ce mata namijin dare ne, a yi ta karɓar kuɗinta. Akwai masu bugo waya tsakar dare da maƙaƙƙiyar murya su ce su ne sarkin aljanu, a tura kati ko a ajiye gwal a wuri kaza. Sai dai makamin da ya fi kaifi a kan waɗannan duka yana cikin aƙidar da ake so a jefar. Suratu Saba ta ba da labarin yadda Annabi Sulaimanu ya rasu yana dogare da sandarsa, aljanu suna ta wahalar aiki a gabansa ba su sani ba, sai da gara ta cinye sandar ya faɗi. Ayar da kanta ta fitar da darasin cewa aljanu ba su san gaibu ba. Wanda bai san ubangidansa ya mutu a gabansa ba, ta yaya zai san wanda ya saci zoben amarya a Yakasai? Aya ta shida ta Suratul Jinni ta zargi mutanen da ke neman tsari wurin aljanu, ta ce abin bai ƙare su da komai ba sai ƙarin wahala. Suratu Ibrahim ta kawo Shaiɗan yana amsa cewa ba shi da wani iko a kan mutane face kira da ya yi suka amsa. Hadisin Muslim ya ce wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in, hadisin Bukhari kuma ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta.

Ruƙiyyar da malamai suka halatta tana da sharuɗɗa sanannu: ta kasance da Alƙur'ani ko sunayen Allah ko addu'ar da aka fahimci ma'anarta, kuma a ƙudurce cewa ba ita ke warkarwa da kanta ba. Babu sharaɗin sai wani gwani ya yi ta, mutum yana iya yi wa kansa da Fatiha da Falaƙi da Nasi. Sahabin da ya karanta wa wanda kunama ta harba Fatiha bai tambayi sunan wani aljani ko garinsu ba. Dattijon da ke zaune a Sharifai ko Ƙoƙi zai saurari wannan bayani daga bakin limaminsa ya hana a daki 'yarsa, amma ba zai saurari wanda ya fara da ce masa sura guda ta Alƙur'ani tatsuniyar Maguzawa ce ba. Ta fuskar hukuma kuma, Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ba mai wannan lalura haƙƙin kariya daga azabtarwa da wulaƙanci, ba tare da ta tambaye shi ko iyalinsa abin da suka gaskata game da aljanu ba.